Ƙarfen Gwiwar Satuka

Ni na fara faɗar maganar, kuma gara in amsa laifina tun yanzu kafin wani ya riga ni. Ranar da Wilber ya dawo da mahaifiyarsa daga asibiti a Arequipa, mu matan unguwa mun cika ɗakinta muna yi mata barka da arziki. Tana zaune a bakin gado, ƙafar dama a miƙe kan kujera, ana ta miƙa hoton ƙashin daga hannu zuwa hannu, kowa na ɗaga shi wajen hasken ƙofa. A hoton ƙashin toka-toka ne, amma gwiwar fara fat, kamar an dasa kan guduma a tsakiyar ƙafa.

Wata ta ce, "Wannan farin fa?"

Wilber ya ce, "Ƙarfe ne, irin wanda ba ya tsatsa. Likita ya ce zai fi shekara ashirin."

Ni kuwa bakina ba ya iya zama a rufe in mutane sun taru. Na ce, "To Yaya Satuka, sai ki riƙa gaya mana inda za ki zauna in hadari ya taso, mu san inda za mu guje wa."

Aka kwashe da dariya, har da ɗan nata. Ita ba ta yi ba. Ta miƙa hannu aka ba ta hoton, ta daɗe tana kallon farin nan, sannan ta tura shi ƙarƙashin katifa. A nan na tuna da abin da bai kamata in manta ba, amma magana zarar bunu ce.

Sunanta Saturnina Apaza, mu dai Satuka muke ce mata. Ta girme ni da shekara shida, kuma rafi ɗaya ne ya raba gidajenmu a kan tsaunin nan da ke sama da garin Ilave. Ni ce na fara sa almakashi a gashin Wilber ranar askinsa na fari, abin da ya mai da mu 'yan'uwa har mutuwa. Tun tana da shekara biyar take bin garken alpaka, dabbobinmu masu dogon wuya da yawan gashi, da majajjawa a hannu. Makaranta aji biyu ta yi, mahaifinta ya ce dabbobi ba sa jiran a tashi. Gashinsu ne ya yi mata sutura, shi ya aurar da ita, shi ya kai ɗanta har ya zama malamin makaranta a birni. A lokacin da nake ba da labari tana da alpaka sittin da uku, kuma babu wadda ba ta da suna a wurinta. Hawa da gangara da tsayuwa a ruwan fadama mai sanyi su suka cinye mata gwiwa. Ta shafa kitse, ta ɗaura ganye, ta yi shekara takwas tana ɗingishi tana cewa da sauƙi. Sai da ta faɗi sau biyu a wata ɗaya sannan ta yarda Wilber ya sa sunanta a layin tiyata. Layi kuwa ba ya tambayar yanayi. A watan Disamba ya zo kanta, daidai faɗuwar damina.

Abin da na manta shi ne mijinta, Meliton. Shekara goma sha tara kafin nan, a watan Janairu, yana dawowa daga gyaran hanyar ruwa da shebur a kafaɗa, aradu ta faɗo masa a fili, ba nisa da gida. Satuka tana bakin ƙofa. Ta ruga, ta juya shi, ta tallabo kansa tana kiran sunansa.

A wurinmu ba a kallon wanda aradu ta kayar. Tun muna yara ake gaya mana: ta farko tana tarwatsa mutum, ta biyu tana harhaɗa shi, ta uku tana hura masa rai, amma fa in idon ɗan Adam bai sauka a kansa ba. In an kalle shi, sai ta bar shi yadda yake. Ranar jana'iza tsofaffin mata ba su faɗa mata a fuska ba, amma sun faɗa inda za ta ji. Ba ta taɓa yin gardama ba. Ta haƙa rami ta binne shebur ɗin da hannunta. Daga ranar, da hadari ya haɗo sai ta zare allurar da ke riƙe mata mayafi, ta cire 'yan kunne, ta rufe cokula da wuƙaƙe da tsumma. Dukanmu muna yin haka, amma ita har maɓallin riga sai ta duba. To ga shi yanzu an ɗinke mata ƙarfe a cikin nama, inda ba ya ciruwa, kuma ni ce na yi mata tuni a gaban jama'a.

Kafin Wilber ya koma bakin aikinsa ya zaunar da mu biyu ya karanta mana abin da likita ya ce. Kullum ta lanƙwasa gwiwar ta miƙe, ko da tana kuka. Kullum ta taka, yau kaɗan, gobe fiye da haka. Makonnin farko su ne komai. In ta bari suka wuce, nama zai kama ƙarfen ya daskare, ƙafar ta zama sanda. Ya ajiye mata abin dogarawa na ƙarfe mai ƙafa huɗu a gefen gado.

Ya ce, "Mama, zan dawo bikin sa wa dabbobi zare a kunne, sati bakwai ke nan. In na tarar kina iya zuwa fadama ki dawo da ƙafarki, shi ke nan, na bar ki da abinki. In ba haka ba, ba zan bar ki a kan tsaunin nan kina jan ciki ba. Zan kira mai saye, mu tafi Arequipa."

Ba don mugunta ya faɗa ba, shi ma tsoro yake ji. Amma ta riga ta ga ɗakin da za a sa ta, kwana ashirin ta yi a cikinsa bayan tiyata. Hawa na uku ne, tagar na kallon bangon maƙwabta. Ta ce mini sararin sama a can bai fi faifai ba, kuma da rana in kowa ya fita sai ta ji tana kiran sunayen dabbobinta ita kaɗai kamar taɓaɓɓiya.

Motar da ta ɗauki Wilber ba ta gama gangara ba ta nuna mini abin dogarawar da baki.

"Hilaria, ɗauke wannan ki kai shi bayan tudu."

"Haba Yaya, da me za ki taka?"

"Wanda ke cikina bai isa ba, sai na ƙara da wani a hannu? Ɗauke shi, na ce."

Na ɗauke. Washegari ta sa na kama ta muka bar babban ɗaki, don rufinsa na kwano ne, ta koma tsohon ɗakin girki mai jinka, inda hayaƙi ya mai da komai baƙi. Aka shimfiɗa mata fatu a lungun da ya fi nisa da ƙofa. Kwana uku bayan haka ta ce in samo mata tsohuwar robar cikin tayar mota. Ta lura a birni cewa duk wayar lantarki a cikin roba take, kuma masu gyaran wuta da safar roba suke aiki. Ta yanka robar dogo-dogo, ta naɗe gwiwar tun daga cinya har ƙwauri, ta ɗaure tam, ta rufa baƙar fata a kai. A ganinta ta ɓoye ƙarfen ke nan, sama ba za ta gan shi ba.

A nan damina da safe garau take, sai rana ta karkata hadari ke fitowa daga bayan tsauni. Na ce mata, "To ki riƙa fita da safe mana, ko zuwa shingen dabbobi ne. Sama fes take, ko ɗigon gajimare babu."

Ta ce, "Ranar Meliton ma fes take da ya fita."

Na zuba mata miyar busasshen dankali.

A sati na uku Malama Yeni ta ɗakin shan magani ta hawo a kan babur. Yarinya ce mai kirki amma ba ta da haƙuri. Da ta ɗaga fatar ta ga roba, sai da ta dafe kai.

"Inna, wa ya ce ki yi wannan? Kina so ƙafar ta ruɓe ne? Dubi yadda ta kumbura!"

Ta kwance robar, ta kama dunduniyar tana turawa a hankali. Gwiwar ta ɗan lanƙwasa kaɗan ta tsaya cik, Satuka ta cije mayafi, gumi na zubo mata.

Malama Yeni ta ce, "Ya kamata a ce yanzu kina zama a kujera ƙafarki a ƙasa. Saurara, Inna. Aradu ba ta san abin da ke cikin jikin mutum ba. Wuri mai tudu take bi, da abin da ya fi komai tsawo a fili. Mutum nawa ne a birni ke yawo da irin wannan ƙarfen? Kin taɓa jin ta faɗo wa ɗaya?"

Satuka ta ce, "'Yata, a birni tana da abinci da yawa, ga turaku ga motoci ga dogayen gidaje. A nan wa take da shi in ba ni ba?"

Ƙarar babur ɗin ba ta ɓace ba ta ce in miƙo mata robar. Na ƙi. Ta ja jiki da kanta ta ɗauko.

Shi kuma wasan da na yi ya riga ya yi ƙafa ya zaga ƙauye. Masu zuwa gaisuwa suka koma zuwa da sassafe, suna zaune amma ido na leƙen sama ta ƙofa. Direban motar kasuwa ya aiko a gaya mata in za ta Ilave ta zaɓi ranar da babu hadari, shi yana da iyali. Wasa yake yi, amma rabinsa. An kira tsoho Tiburcio mai duba da ganyen koka, ya watsa ganyen a kan ƙyalle sau uku, ya daɗe yana kallo, ya ce ganye bai taɓa ganin mace mai ƙarfe a ciki ba, ba shi da abin cewa. Ya tattara kayansa ya tafi tun kafin azahar.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Ni na san wasa nake yi ranar da na faɗa, amma maganar da aka yi ta maimaitawa sai ta fara kama da gaskiya, har ga wadda ta ƙirƙire ta. In ina ɗakin girkin nan na ji rugugi daga nesa, sai in ji kamar ana jan gashin wuyana, in tuna wani aiki da na bari a gida. Wata rana ta dube ni ta ce, "Je ki, Hilaria, na ga ƙafarki na ƙaiƙayi." Na fita ina jin kunya, amma na fita.

Ni nake kiwon garkenta tare da nawa, ga shi lokacin haihuwa ne, kullum da safe sai an tsinci sabon jariri yana rawar sanyi a ciyawa. Da yamma in na koro su shinge tana jin gunjinsu daga lungunta, taku ɗari da hamsin kacal, amma ba ta ganinsu. Sai ta yi ta tambayata. Gwauruwa ta haihu? Mai Farin Goshi tana ba ɗan nata nono kuwa, ko ta ƙi shi kamar bara? Wanda na ji yana tari jiya wane ne? Ina ba ta amsa ina kallon ƙafar nan a miƙe a ƙarƙashin fata, kullum tana ƙara zama itace.

A sati na shida na kasa daurewa. Na ce, "Yaya, saura kwana goma sha biyu ɗanki ya zo. Da hannunki za ki miƙa dabbobin nan ga mahauta? Gwauruwa da kika raina da kwalba, a rataye ta a kasuwar Ilave? Tashi ki taka, don girman Allah!"

Da ta buɗe baki muryarta ƙasa-ƙasa take.

"Kina tsammani ban ƙirga kwanakin ba? In na fita aradu, in na zauna Arequipa. Barci ma ba na yi. Kuma ba mutuwata kaɗai nake tsoro ba. In ta zo nemana ina tsakiyar garke fa? In kina gefena fa?" Ta kamo hannuna ta matse. "Abu ɗaya nake roƙonki. In ta faɗo mini, ko me kika ji, kada ki dube ni. Ki juya baya ki tafi. Kada ki yi mini abin da na yi wa Meliton."

Shekara goma sha tara muna tare bayan rasuwarsa, ranar na fara jin ta faɗa da bakinta.

Kwana uku bayan haka hadari ya yi sammako. Rana ba ta kai tsaka ba na ga bayan tsauni ya yi baƙi ƙirin, iska ta tsaya, dabbobi suka ɗaga kai gaba ɗaya. Na zare allurar mayafina da 'yan kunnena, na haɗa da wuƙar da nake yanke cibi da ita, na tura su ƙarƙashin wani dutse. Ko ƙwayar ƙarfe ban bari a jikina ba. Na koro garken da gudu, ƙanƙara na dukanmu, na nufi shingen Satuka don shi ya fi kusa. Na kai bakin shingen ke nan ina tura na baya, sai na ji gashin kaina yana miƙewa a ƙarƙashin hula, bakina ya yi ɗanɗanon tsabar kuɗi. Daga nan komai ya yi fari.

Ban ji ƙarar ba. Na farka a kwance ta gefe a cikin kwatar da ke bin gindin shinge, ina jin warin ƙonannen gashi. Ƙafafuna ba nawa ba ne, hannuna ɗaya a ƙarƙashina, ɗayan na ce ya motsa ya ƙi. Kunnen hagu ya mutu. Alpaka huɗu na kwance kusa da ni, ƙafafu a sandare. Ruwan da ke gangarowa daga tudu, haɗe da ƙanƙara, yana bin kwatar yana taruwa a jikina kamar na zama madatsa. Ya taɓa kumatuna, ya taɓa gefen bakina. Na gane in ya ƙaru da faɗin yatsu uku zan mutu a ruwan da bai kai idon sawu ba. Na yi ƙoƙarin ihu, abin da ya fito bai fi kukan ɗan akuya ba.

Daga inda nake ina hango ƙofar ɗakin girki. Na ga ta buɗe. Satuka na tsaye a ƙafa ɗaya, ta dafa bango, karo na farko a sati shida. Ta ga dabbobi a warwatse, ta ga hulata a ƙasa, sai na ga ta kawar da kai da sauri ta sa hannu ta rufe fuska. Na ce a raina shi ke nan, za ta yi abin da aka koya mana, za ta koma ciki. Kuma ba zan ga laifinta ba.

Ta koma cikin. Sai ga ta ta sake fitowa da sandar da take tura wuta da ita. Ta kwance ɗamararta, ta naɗe idanunta da ita sau biyu, ta ƙulle a ƙeya. Sannan ta sako ƙafa cikin ruwan.

Ban taɓa ganin tafiya irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake. Ta dogara sanda, ta jefa ƙafar hagu, ta jawo ta dama a miƙe kamar gungume. Walƙiya na tsaga sama ta ko'ina, duk wadda aka yi sai ta dunƙule ta rufe gwiwar da hannu, sannan ta ci gaba. Tana tafe tana ƙwala kira.

"Hilaria! Yi magana in ji inda kike! Ban gan ki ba, na rantse da Allah ban gan ki ba!"

Allah ya yafe mini, abin da ya fara zuwa raina ba godiya ba ce. Cewa na yi ga ƙarfen nan yana matso ni. Da ina da baki a lokacin, da na ce ta koma.

Ta kauce hanya ta nufi rafi, na tattara abin da ya rage mini na yi nishi, ta tsaya ta karkata kai, ta gyara. Ta yi tuntuɓe da gawar wata alpaka ta faɗi a kanta, ta shafa kan dabbar da kunnuwanta, na ji ta ce, "Wayyo Gwauruwa," ta lallaɓa ta miƙe. Da hannunta ya taɓa duwatsun shinge sai ta yar da sandar ta riƙa bin su. Ruwa ya riga ya shiga bakina, ina furzarwa yana dawowa. Ƙafarta ce ta taɓa cinyata.

Tana tsaye a kaina, ni ina ƙasa a rami, ƙafar kuma ba ta lanƙwasuwa. Ta gwada sunkuyawa, hannunta bai kai ba. Ta sake gwadawa. Sai kawai ta saki shingen ta zube da dukan nauyinta. Robar da ta naɗa ta tsinke da ƙara, ita kuma ta ƙwalla wata irin ƙara da har kunnena da ya mutu sai da ya ji. Daga baya ta ce mini ta ɗauka aradun ce ta same ta. Duk da haka ta laluba ta kamo kitsona, ta ja kaina daga ruwan ta ɗora a cinyarta, ta buɗe mayafinta ta rufe mu, ta kifa a kaina ta ba sama baya. Ba ta kwance idon ba.

Aka yi wata tsawa a kan tudu, ƙasa ta motsa. Ta raɗa mini, "Ta biyu ke nan. Yi haƙuri, saura ɗaya." Muka jira. Ban san tsawon lokacin ba. Da ta ukun ta zo, can wajen fadama, sai na ji yatsun ƙafata suna zafi kamar an watsa musu barkono, harshena ya saki.

Na ce, "Yaya, kin danne mini hannu."

Ta ce, "Wace ce ke?"

"Hilaria ce mana, wa kike tsammani?"

"Sake faɗa."

Sai da na faɗa sau uku sannan ta ture ɗamarar daga ido ɗaya. Ta dube ni, na dube ta, ban mutu ba. Ta fashe da kukan da na tabbata ba nawa ba ne ni kaɗai.

Maza ne suka zo suka kwashe mu a bargo bayan an ɗauke ruwa. Gwiwarta ta kumbura kamar kabewa, aka kai ta Ilave aka sake ɗaukar hoto, aka ce ƙarfen na nan inda aka sa shi. Malama Yeni ta yi mata faɗa kamar za ta cinye ta, ta ce sa'a kawai ta yi, kada wani ya ji ya ɗauka faɗuwa magani ce. Amma da ta kama dunduniyar ta tura, ƙafar ta wuce inda take tsayawa. Daga ranar Satuka ta fara aikin da ya kamata ta fara tun Disamba. Kullum da safe ina jiyo ta daga ƙetaren rafi da kunnena mai kyau, tana lanƙwasawa tana zagin likita da kakannin likita.

Wilber ya zo ranar da ya ce. Ta fito da sandar itace, ta nufi fadama, yana biye da ita a baya hannunsa a buɗe kamar mai bin yaro mai tatata. Tafiyar da a da take yi kafin shayi ya huce, ranar ta cinye musu safiya guda, amma ta je ta dawo, ba ta yarda ya taɓa ta ba. Da yamma ya riƙe mata kawunan dabbobi tana soka musu jan zare a kunne, maganar mai saye ba ta sake tasowa ba. Gwiwar dai har yau ba ta lanƙwasuwa duka. A kan dutse take zama, ba a ƙasa kamar sauran mata ba.

Na ɗauka tsoron ya ƙare ke nan. Na ce mata, "To kin gani? Ni da ba ni da ko allura ta kayar, ke mai guduma a ƙafa kin ratsa ta tsakiyarta ba ta kula ki ba."

Ta dube ni kamar na yi maganar yara. "Shingen wa ta faɗo wa? Dabbobin wa ta kashe? Ni ta zo nema, Hilaria, ta tarar ba na nan, ta huce a kanki."

Babu yadda ban yi ba, ta ƙi sauka daga kan wannan. Ni kuma na fito da kunne ɗaya da wani tabo kamar reshen itace a bayana, da tsoron da ban san akwai irinsa ba. Ko murfin tukunya ya faɗi sai na tsuguna. Wasu har sun fara kawo mini ganyen koka wai in duba musu tunda aradu ta taɓa ni, na kore su da muciya.

Wannan damina ta uku ke nan muna kiwo tare. Da bayan tsauni ya fara baƙi, in gida ya yi nisa, sai in ga ta tashi daga kan dutsenta, ta ɗauki sanda, ta bar garken, ta bar ni, ta nufi can saman tudu inda babu kowa. So take in aradu ta zo ta same ta ita kaɗai. Na gaya mata sau ɗari cewa tudu shi ne wurin da ya fi ko'ina haɗari, ba ta ji. Don haka sai in tashi in bi ta.

"Koma, mai bakin tsiya! So kike ta gama aikin da ta fara?"

"Ba na jin ki, Yaya, ta wajen mataccen kunnen kike magana."

In cim mata, in kama hannunta, in ja ta muna faɗa har cikin wani ɗan kwari da ke gefen tudun. Ni in tsuguna, ita ta zauna a gefe da ƙafarta a miƙe, ta rufe gwiwar da tafin hannu biyu. Ƙanƙara na dukan hulunanmu, ina jin kafaɗarta a jikin tawa. Ba mu taɓa yin shawara a kai ba, amma duk walƙiyar da aka yi sai mu runtse ido tare, mu daɗe ba mu buɗe ba, don ko wace ce aradu ta ɗauka a cikinmu, kada ɗayar ta gan ta.